Wa Ya Faɗa? Na'urorin Koyarwa da Tantance Labari a Makarantun Zangon Kumasi

Shugaban wannan zama, iyayenmu sarakuna da limamai, malaman allo da na boko, iyaye mata da suka bar kasuwa da aikin gida suka zo, da ku ɗalibai da kuka cika sahun baya, ina gaishe ku, ina kuma roƙon ku ara mini kunnuwanku. An nemi in yi magana a kan yadda za a yi amfani da na'urorin koyarwa na zamani don yaranmu su iya tantance abin da kafofin watsa labarai ke zubo musu. Zan faɗi matsayina tun da wuri don kowa ya san inda zai kama ni. Kwamfuta da intanet ba sa koya wa yaro tantance labari. Malami ne ke koya masa, kuma shi ma ba zai iya ba sai ya shigo aji da irin labarin da yaron ke ji a gida, cikin harshen da yake jin sa, ta na'urar da labarin ke shigowa. A Aboabo da Asawase da Sawaba da Yalwa da Akwatia Line, wannan labarin yawanci saƙon murya ne da Hausa a WhatsApp, wanda wani da ake jin nauyinsa ya turo. Duk shirin da bai fara daga nan ba, ko nawa aka kashe masa, zai bi ta gefen yaron Zango ya wuce.

Da yawa cikinku kun tuna Richard Appiah Akoto, malamin ƙaramar sakandaren Betenase a Sekyedumase, nan cikin yankinmu na Ashanti. A watan Fabrairun 2018 hotunansa suka zaga duniya yana zana fuskar Microsoft Word a allo da alli kala-kala, saboda makarantar ba ta da kwamfuta, ga kuma jarrabawar BECE tana jiran yaran da tambayoyi a kanta. Kamfanin Microsoft ya kai shi taro a Singafo, masu alheri suka aiko wa makarantar kwamfutoci, kowa ya yaba, kuma ya cancanci yabon. Darasin da duniya ta ɗauka shi ne a ba yara na'ura. Amma a sake duba abin da ke kan allon nan. Sunayen maɓallai ne da sassan fuskar manhaja, domin abin da jarrabawa ke tambaya ke nan. Yaro zai iya haddace su duka, ya ci jarrabawa da maki mai kyau, ya dawo gida ya tarar da saƙon da ke cewa an turo wa mahaifiyarsa kuɗi bisa kuskure ta MoMo, asusun kuɗi na waya, a taimaka a mayar, kuma ba abin da ya koya a aji da zai sa ya ce mata ta dakata ta duba abin da ke asusunta tukuna. Ko da an sauke kwamfuta ɗari a ajin, muddin tambayar da ake yi wa yaro ba ta sauya ba, giɓin yana nan.

Ba za a ce hukuma ta zauna ba. Tun 2003 Gana ta fitar da manufar amfani da fasahar sadarwa don hanzarta ci gaba. Sabuwar manhajar karatu ta 2019 ta sanya sanin na'urorin zamani da zurfin tunani cikin ƙwarewa 6 da ake son kowane ɗalibi ya fita da su. Da korona ta rufe makarantu a Maris 2020, an koma ba da darasi ta talabijin da rediyo. A 2021 aka fara raba wa malamai kwamfutar tafi-da-gidanka, a Maris 2024 kuma aka ƙaddamar da shirin raba kwamfutar hannu miliyan 1.3 ga ɗaliban babbar sakandare. Wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, shi ya sa ya dace mu tambayi abin da aka gani a wuraren da suka riga mu bin wannan hanya. Ƙasar Peru ta raba wa yaran firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci. Binciken da aka fitar a 2012, wanda ya bi makarantun karkara 319, ya tarar yaran sun iya sarrafa na'urar, amma lissafinsu da karatunsu ba su ƙaru ba. A Amurka kuwa, inda yaro ke buɗe ido ya ga intanet, masu bincike na Jami'ar Stanford sun gwada ɗalibai 7,804 a 2016, suka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙaramar sakandare ba su bambance talla da aka biya kuɗi da rahoton jarida ba, alhali an rubuta a jiki cewa talla ce. Yaran da ba su taɓa rasa na'ura ba ke nan. Saurin yatsa a kan waya abu ne daban da nutsuwar hukunci, kuma iyayen da ke cewa yaran yanzu sun fi mu sanin waya suna faɗin gaskiya ne game da yatsa kawai.

To yaya labari ke tafiya a Zango? Hausa ba ta san iyakar ƙasa ba. Saƙon da aka naɗa da safe a Kano ko Maraɗi, kafin la'asar ya iso wayar wata mai sayar da wake da shinkafa a Alabar, ta hannun ɗan'uwa a Nima ko wani da ke zaune a Jamus. Babu kwanan wata a jikinsa, babu sunan gari, sau da yawa babu sunan mai magana, sai «ga wani bawan Allah yana bayani». Daga waya ya faɗa majalisar ataya, daga nan ya shiga gidan suna, wani lokaci har ya hau rediyo ta bakin mai bugo waya. Masu bincike uku, Elena Gadjanova da Gabrielle Lynch da Ghadafi Saibu, sun wallafa aikin da suka yi a arewacin Gana a 2022, inda suka nuna yadda abin da aka fara a kafofin sada zumunta ke tsallakawa ta rediyo da hirar bakin hanya har ya kai ga wanda bai taɓa riƙe babbar waya ba. Ga kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba: a gidaje da yawa ɗan makaranta ne ke karanta wa kakarsa saƙo, shi ke danna lambobin MoMo, shi ake tambaya ko abin da aka gani a TikTok gaskiya ne. An riga an naɗa shi mai tsaron ƙofar labari a gida ba tare da kowa ya koya masa aikin ba. Akwai masu bin diddigin labarai a ƙasar nan, irin su GhanaFact da Dubawa da Fact-Check Ghana, suna kuma aiki tuƙuru. Sai dai galibin abin da suke fitarwa rubutu ne da Turanci, kuma ba sa iya ganin abin da ke yawo a rufaffen zauren WhatsApp na wata zuri'a sai wani ya miƙa musu. Ƙari a kan haka, Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantun Gana, duk da cewa gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita. Harshen da jita-jita ke shigowa da shi gidan yaro shi ne harshen da ba ya shiga ajinsa.

Kada a ɗauka wannan wasa ne. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya bazu a Nijeriya cikin dare guda cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Aƙalla mutum 2 suka mutu, wasu aka kwantar a asibiti, kuma yawancin waɗanda suka tura saƙon ƙauna ce ta sa su. A 2018, bayan kashe-kashen Jihar Filato, binciken BBC ya gano wasu hotunan da aka yaɗa a Facebook don tunzura jama'a ba ma a Nijeriya aka ɗauke su ba. A 2018 ɗin dai sai da Buhari, shugaban Nijeriya na lokacin, ya tsaya a ƙasar Folan ya shaida wa duniya cewa shi ne da kansa, ba wani Jibrin daga Sudan ba. A gida kuma ga kamfanin Menzgold, wanda ya riƙa alƙawarin ribar kashi 7 zuwa 10 cikin 100 duk wata, taurari suna masa talla, har hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta dakatar da shi a Satumban 2018, kuɗin dubban mutane suka maƙale. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Science a 2018, wanda ya bi labarai kusan 126,000 a Twitter, ya tarar ƙarya ta fi gaskiya samun masu turawa da kashi 70 cikin 100, kuma mutane ne ke tura ta, ba na'urori ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙarya sabuwa ce kullum, tana zuwa da tsoro ko fushi ko kwaɗayi, ita kuwa gaskiya sau da yawa ba ta da armashi.

Akwai masu ganin maganin mai sauƙi ne: a gaya wa yara su saurari hukuma da manyan kafofi kawai. Wanda ya san tarihin Zango ba zai faɗi haka da sauri ba. A 1957, shekarar 'yancin kai, gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, manyan Zangon Kumasi, daga ƙasar. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako 2 su fice, gidaje da dama a unguwannin nan suka watse, har da na waɗanda aka haifa a nan. Al'ummar da ta ga wannan, idan saƙo ya zo cewa za a hana 'yan Zango katin ɗan ƙasa ko za a cire sunayensu daga rajistar zaɓe, ba wauta ce ke sa ta kasa kunne ba, tuna baya ne. Haka abin yake a Kano. Ƙin rigakafin shan inna na 2003 zuwa 2004, wanda ya sa cutar ta sake ɓulla a ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, ya sami gindin zama ne saboda mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a 1996 ba. Jita-jitar ƙarya ce, amma raunin da ta taka gaskiya ne. Saboda haka ba a gyara wannan da jerin sunayen kafofin da aka yarda da su. Abin da yaro ke buƙata hanya ce da zai bi ya auna magana ko daga wa ta fito, daga minista ko daga majalisar ataya.

Wannan hanyar kuwa ba sai mun yi aronta ba, nan ne kuma nake so mu ɗan daɗe. Lokacin da Baturen Ingila Bowdich ya iso Kumasi a 1817, ya tarar da Musulmi masu rubutu a fadar Sarkin Asante suna rubuta wasiƙu da Larabci. Wasu takardun na wancan zamani suna ajiye har yau a ɗakin karatu na Kofanhegan, tun bayan yaƙin Katamanso na 1826. Fataken goro da ke bin hanyar Gwanja sun rayu ne da labari: ina hanya ke da lafiya, nawa goro yake a Salaga, wane madugu ne ke cika alƙawari. Wanda ya yarda da kowace magana ba ya komawa gida da jaki ko ɗaya. Malamai irin su Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda aka haifa a Kano ya rasu a 1934, sun bar almajirai a zanguna da dama na ƙasar nan, da su kuma suka bar ilimin da ya fi kowane tsananta wa mai kawo labari, wato ilimin hadisi. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta yi umarni da a yi bincike kafin a yi aiki da labarin wanda ba a amince da shi ba, ta kuma faɗi dalili, kada a cuci mutane cikin rashin sani a dawo ana nadama. A kan wannan tushe malaman hadisi suka gina tambayoyinsu. Wa ya faɗa? Daga wa ya ji? Sun yi zamani ɗaya, sun haɗu? An san shi da gaskiya, an kuma san shi da kiyaye abin da ya ji? Akwai wani da ya ruwaito ta wata hanya dabam? Mutumin kirki mai yawan ibada ma suna ajiye ruwayarsa idan hardarsa ba ta da ƙarfi, ba tare da sun zage shi ba. Ibnul Jauzi ya tara littafi sukutum na hadisan da aka ƙirƙira. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya lissafa abubuwan da ke shigar da ƙarya cikin labari, ya sa son ɓangare da yawan amincewa da mai ruwaya a sahun gaba, ya kuma nemi a auna labarin kansa da abin da zai iya faruwa a al'ada.

Yanzu a gwada wannan da abin da masu binciken Stanford suka gano a 2017, da suka zaunar da malaman tarihi 10 da ƙwararrun masu bin diddigin labarai 10 da ɗaliban jami'a 25 a gaban shafuka iri ɗaya. Malaman tarihi da ɗalibai sun tsaya cikin shafin suna karanta shi sama da ƙasa, kyan tsarinsa da tambarinsa suka ruɗi da yawansu. Masu bin diddigi kuwa ba su daɗe ba suka fice daga shafin, suka buɗe wasu, suna tambayar wa ke bayan wannan kuma me wasu suka sani game da shi. Suka fi kowa sauri, suka fi kowa dacewa. Almajirin da ya karanci ilimin maruwaita zai gane wannan nan take, domin shi ma an koya masa ya bar daɗin lafazi ya je ya bincika mutumin. Abin takaicin shi ne mun killace wannan ilimi a cikin darasin hadisi kamar ba shi da aiki a waje. Ga wasiyyar nan da ake jingina wa wani Shehu Ahmad, wai mai hidima a Masallacin Annabi, mai alƙawarin arziki ga wanda ya yaɗa ta da bala'i ga wanda ya ƙi. Malamai irin su Ibn Baz sun daɗe da bayyana cewa ƙirƙira ce. Ta yi yawo a rubutun hannu, ta yi a takardar da aka buga, yau tana WhatsApp, kuma masu tura ta har da waɗanda za su iya karanto maka sharuɗɗan ingantaccen hadisi da ka.

Me ke nan za a yi da na'ura a aji? Waya guda a hannun malami da ƙaramar lasifika sun isa a fara. Malami ya zo da saƙon murya na gaske da ya yi yawo a unguwa a wannan mako, ya tabbatar ba a ambaci sunan wani maƙwabci a ciki ba, ya kunna, ya sa yara su zana silsilarsa, wato jerin waɗanda ya bi ta hannunsu, a allo har inda ta yanke. Za su ga da idonsu cewa yawanci ba ta wuce mutum 2 ko 3 take faɗawa duhu. Ya nuna musu kibiyoyi biyun da WhatsApp ke sakawa a kan saƙon da aka yi ta turawa, ya tambaye su me ya sa kamfanin ya taƙaita turawa zuwa zaure 5 a 2019, ya kuma ƙara matse irin wannan saƙo zuwa zaure guda a 2020. Ya ɗauki hoton da ake cewa jiya aka ɗauka, ya saka shi a Google Lens a gabansu, su ga shekarar da ya fara fitowa da ƙasar da ya fito. Mafi amfani duka, ya bar su su yi da hannunsu: su naɗi jawabin ɗan ajinsu na minti 2, su yanke daƙiƙa 10 daga tsakiya, su ji yadda maganar ta juye ta koma kishiyar abin da ya nufa. Yaron da ya taɓa yanke magana da kansa ba zai ƙara jin guntun wa'azi ko guntun jawabin ɗan siyasa ba tare da ya nemi cikakkensa ba. Daga nan sai su haɗa nasu rahoton da Hausa a kan abin da ke gabansu, kwatar da ta toshe ko farashin gawayi, su ji wahalar samun shaida biyu kafin a faɗi magana ɗaya. Gidajen rediyon da ke magana da Zango, irin su Zuria FM, suna iya ba irin wannan aiki 'yan mintoci a mako.

Hujjar cewa malami da darasi su ne ginshiƙi ta fito daga nahiyarmu. A Uganda, masu bincike na Jami'ar Makerere da abokan aikinsu na Norwe sun gwada koya wa yara 'yan shekara 10 zuwa 12 yadda ake auna da'awar magani, a makarantu 120, yara sama da 10,000. Kayan aikin littafin zane ne mai labari, da jagorar malami, da darasi 9. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2017 ya nuna kashi 69 cikin 100 na yaran da aka koya wa sun ci gwajin, a sauran makarantun kuwa kashi 27. Babu kwamfuta ko ɗaya a cikin shirin. A wani gefen, gwajin da aka yi da manya a Jihar Bihar ta Indiya lokacin zaɓen 2019 ya nuna horon awa guda bai ƙara musu iya gane ƙarya ba. Taron yini ɗaya da riguna masu tambari da hoton rufe taro ba ya haifar da komai; abin yana son maimaici, mako bayan mako, kamar tilawa. Muna kuma da wurin da ya dace. Tun da aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Gana a 1987, makarantunmu da yawa suna da malamin Larabci da malamin kwamfuta a haraba ɗaya. Ɗaya yana da tambayoyin, ɗaya yana da na'urar, kuma sau da yawa gaisuwa ce kawai ke haɗa su.

Na san abin da ke ran wasu iyaye: hukumar ilimi ta hana ɗalibai riƙe waya a makaranta, mu ma muna fama da su a gida, yanzu kuma a shigo da ita aji? Damuwar tana da tushe. Rahoton UNESCO na 2023 a kan fasaha a ilimi ya yi gargaɗi cewa waya a kusa da ɗalibi tana raba masa hankali. Ban nemi a ɗage dokar ba. Waya ɗaya a hannun malami na minti 40 ba ita ce waya 50 a ƙarƙashin benci ba. Hanin yana kare lokacin darasi, amma ba ya bin yaro gida, inda wayar yayarsa ke jiransa bayan isha'i. Wanda gidansa ke bakin rafi, hana shi zuwa rafi ba ya wadatarwa, sai an koya masa iyo.

Ƙorafin da ya fi wannan nauyi shi ne na tarbiyya. Za a ce idan aka koya wa yaro tambayar «wa ya faɗa», gobe zai yi wa mahaifinsa, jibi ya yi wa limami, mu wayi gari da yara marasa kunya da ba su yarda da kowa ba. Ba zan raina wannan ba, domin rabinsa gaskiya ne. Akwai irin koyarwar da ke fitar da mai shakkar komai, wanda zai ce duk 'yan jarida maƙaryata ne, duk likitoci 'yan kasuwa ne, kuma irin wannan ya fi kowa saurin faɗawa hannun mai ruɗi, tunda ya rushe duk ma'aunin da zai auna da shi. Malaman hadisi ba su tsaya a suka ba. Sun yi jarhi, wato sukar mai ruwaya, sun kuma yi ta'adili, wato sun tabbatar da wanda ya cancanci a yarda da shi. Dole darasin ya ƙunshi duka biyun, yaro ya san me ya sa gidan jaridar da ke sa sunan wakilinsa, yake kuma fitowa ya gyara kuskurensa, ya fi muryar da ba ta da suna. Game da ladabi kuwa, ai shi ma abin koyarwa ne. Yaro ba zai ce wa kakarsa «ƙarya ne» ba. Zai ce: «Hajiya, bari in duba mana ko an san wanda ya yi maganar nan kafin mu tura wa su Baba.» Hajiya ba ita ta ƙirƙiri saƙon ba, turo mata aka yi, kuma jikan da ya hana a yi amfani da sunanta wajen yaɗa ƙarya ya kare mutuncinta ne. Ya kamata a gwada irin waɗannan kalmomi a aji kamar yadda ake gwada gaisuwa.

Wani malami zai iya kama ni ta wani gefen, ya ce silsila ba ta isa ba, kuma ya yi daidai. Mun saba cewa gani ya kori ji, mun kuma saba gane mutum da muryarsa. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira yanzu suna kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun naɗi, suna kuma motsa leɓɓansa a bidiyo. Al'ummar da ta dogara da saƙon murya ta fi kowa shiga haɗari a nan, domin ranar da za a ji muryar wani babban malami yana ba da fatawar da bai taɓa bayarwa ba, ko muryar ɗa daga Libiya yana kuka a turo kuɗi, ba ta da nisa. Koya wa yara neman alamun jabu a hoto, kamar yatsu 6 ko inuwar da ta karkace, ba zai daɗe yana aiki ba, don manhajojin suna gyaruwa duk wata. Abin da zai daɗe shi ne neman hanya ta biyu: a kira mutumin ta lambar da aka sani, a duba ko maganar tana shafin da aka san nasa ne, a tambayi almajiransa, a kuma auna ko ta yi kama da abin da ya saba faɗa. Wannan ma yana cikin tsohon ilimin, amma ya nuna dole malaman su riƙa sabunta saninsu, ba horo ɗaya a shekara goma ba.

Masu cewa a bar wa doka fa? Dokokin suna nan: sashe na 208 na dokar laifuffuka ta 1960 da sashe na 76 na dokar sadarwa ta 2008 duka sun haramta yaɗa labarin ƙarya. Amma ƙasar da ta soke dokar ɗaure mutum kan ɓata suna a 2001 ta san dalilin da ya sa ta yi haka, kuma ƙungiyoyin kare 'yan jarida sun sha kokawa cewa waɗannan sassan 'yan jarida da masu sukar gwamnati suka fi kamawa. Ko da an yi amfani da su bisa adalci, ba ɗan sandan da zai shiga zauren WhatsApp na iyali ya kama inna don ta tura maganin hawan jini na bogi.

Saura maganar kuɗi da lokaci, inda shugabannin makarantu za su ce jadawali ya cika, abin da ba ya cikin jarrabawa kuma ba mai koyar da shi. Gaskiya ne, shi ya sa ban nemi sabon darasi ba. Manhajar 2019 ta riga ta ba da izini. Abin da ya rage shi ne darasin kwamfuta da na zaman jama'a da na addini su ba da minti 40 a mako a tsakaninsu, hukumar tsara manhaja da hukumar jarrabawa kuma su fara saka tambayar da ke ba yaro saƙo ta ce ya auna shi, maimakon ya lissafa sassan madannai. Asusun raya zanguna da aka kafa da doka a 2017 ya fi sabawa da gini da filin ƙwallo, abubuwan da ake iya yanke musu kyalle. Kuɗin ɗakin kwamfuta guda, wanda zai iya zama a kulle saboda wuta ko gyara, zai horar da malaman Larabci da na kwamfuta na makarantu da dama tare, ya saya musu data na shekara, ya kuma biya wanda zai riƙa tattara saƙonnin Hausa da ke yawo yana aika wa masu bin diddigi, ana mayar da amsar cikin murya, da Hausa, ta zaurukan da ƙaryar ta bi. Kwamitocin makarantu da na masallatai ba sa buƙatar jiran Akra kafin su zaunar da malaman nan biyu a tebur ɗaya su tsara darasin zangon karatu mai zuwa.